Tsakanin Buri da Butulci: Abin da Ya Raba Kan Masu Kallo a Zariya

A wani shagon ɗinki da ke Tudun Wadan Zariya, inda nake kai kayana shekara da shekaru, na tarar da gardama ta kaure ranar wata Asabar da hantsi, har kekuna biyu daga cikin huɗun da ke shagon sun tsaya cak. Da farko na zaci rigimar kuɗin aiki ce, ko ta wani yadin da aka ɓata wa mai shi, sai da na zauna a kan benci sannan na gane cewa a kan wani saurayi ake yi, wanda ba ɗan unguwar ba ne, ba kuma ɗan kowa ba ne, domin a cikin wani shiri mai dogon zango kawai yake rayuwa. A daren Juma'ar aka saki fitowar da ta nuna ɗaurin aurensa da 'yar mai kuɗi, bayan ya shafe zango biyu yana rantse wa wata yarinya cewa in ba ita ba sai rijiya. Babban telan, dattijon da ya haura shekara 50, ya ajiye almakashi ya ce yaron nan butulu ne, kuma ko kare ya fi shi sanin hannun da ya ba shi tuwo. Yaron shagonsa kuwa, wanda ya gama difloma yana jiran aikin da bai zo ba, ya sunkuyar da kai ya ce, "Maigida, a yi mini aikin gafara, amma da kai ne aka ajiye wa takardar aiki a dama, talauci a hagu, wanne za ka ɗauka?" Telan ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Ashe kai ma haka za ka yi mana." Aka yi dariya, amma ba ta kai ciki ba.

Ba sai na ambaci sunan shirin ba, don ƙashin bayan labarinsa ya maimaitu a shirye-shirye da dama, kuma duk wanda ya ji shi zai ɗauka wanda ya sani ake nufi. Yarinya ce 'yar talakawa mai sana'ar kitso da ƙunshi, ta kamu da son wani ɗalibin jami'a wanda mahaifinsa ya rasu. Ita ke cika masa kuɗin rajista idan ya gaza, ita ke aika masa da abinci a kula, kuma a shekararsa ta ƙarshe ta sayar da 'yan kunnen zinaren da ta gada daga mahaifiyarta don ya kammala. Ya tafi bautar ƙasa Abuja, wani Alhaji ya yaba da hankalinsa ya ɗauke shi aiki a kamfaninsa, 'yar Alhajin ta ga saurayi ta ƙyasa. A tsakiyar wannan tafiya akwai amininsa, wanda shi ne ɗan aiken da ke kai saƙo ya kawo, yana rage gaskiya yana ƙara gishiri, saboda shi ma a ɓoye yarinyar yake so.

Duk inda na saurari muhawarar nan, a shago ko a teburin mai shayi ko a tsakar gida, ban taɓa jin wanda ya ce cin amana abu ne mai kyau ba. Saɓanin yana kan tambayar da ke gaba da wannan, wato shin an ma ci amanar, kuma idan an ci, mece ce amanar da aka ci. Kalmar cin amana a bakinmu ta zama babban kwando, muna zuba yaudara da saɓa alkawari da butulci duk a ciki, alhali kowannensu da nauyinsa. Hadisin nan da Buhari da Muslim suka ruwaito kan alamomin munafuki ma rarrabe su ya yi: idan ya yi magana ya yi ƙarya, idan ya yi alkawari ya saɓa, idan aka amince masa ya yi ha'inci. Idan aka ɗora saurayin shirin a kan wannan ma'auni, za a ga dalilin da ya sa gardamar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Marubucin labarin bai nuna shi a matsayin mayaudari tun farko ba, domin a zangon farko son gaskiya yake yi wa yarinyar, kuma da ya rantse mata yana nufin abin da ya faɗa. Alkawari kam ya saɓa, babu ja. Amma a nan masu kare shi suke kafa ƙafarsu, su ce alkawarin aure ba aure ba ne. Ta fuskar fiƙihu kuwa maganarsu tana kan hanya, domin ko an yi baiko, muddin ba a haɗa waliyyi da shaidu da sadaki an ɗaura ba, kowane ɓangare yana da damar janyewa, kuma babu alƙalin da zai tilasta wa mutum auren da ya fasa. Daga nan sai su rufe da cewa matar mutum kabarinsa, wadda aka rubuta masa ita ya aura.

Masu sukarsa ba a kotu suke shari'ar ba. Su a kan halacci suke tsaye, kuma halacci bashi ne da ba a rubuta shi a takarda. Na fi fahimtar wannan a gidan goggona da ke cikin birni, kusa da Ƙofar Doka, inda jikokinta suke jingina waya a jikin kwano bayan sallar isha'i, a kewaye ta a kan tabarma. A daren da na je, an zo wurin da saurayin ya aiko wa yarinyar da ambulan cike da kuɗi, ninkin abin da ta kashe masa, tare da saƙon cewa ta yi haƙuri. Ɗaya daga cikin samarin gidan ya ce ai ya kyauta, tunda wani ko sisi ba zai mayar ba. Goggo, wadda na zaci gyangyaɗi take yi, ta ɗago ta ce da harshenta na Zazzagawa, "Zinaren ya biya. To shekarun yarinyan fa, a wane kasuwa zai sayo mata?" Babu wanda ya tanka.

Wannan tambayar ita ce zuciyar fushin mata a kan labarin, kuma duk namijin da bai tsaya ya auna ta ba zai yi ta mamakin yadda wasan kwaikwayo ke sa mutum hawaye. Jira ba farashi ɗaya yake da shi a kan namiji da mace ba a wannan al'umma tamu. Saurayin da ya kai shekara 30 bai yi aure ba, cewa ake yi yana haɗa kansa. Budurwar da ta zauna shekara shida tana korar manema saboda mutum ɗaya, ƙannenta biyu suka yi aure a gabanta, an fara yi mata habaici a gidan biki, an fara cewa ta yi kwantai, ita ta saka jarin da ba ya dawowa. Saboda haka ambulan ɗin da wasu maza suka gani a matsayin dattako, mata da yawa zagi suka ɗauke shi, domin ya mayar da abin da ta yi don so tamkar rancen da aka ci a wurin 'yar adashi, aka zo aka biya da riba aka yage takarda.

Akwai kuma dalilin da ya sa irin wannan labari yake sosa wa mutanen Zariya inda yake yi musu ƙaiƙayi. Garin nan gari ne na baƙin da ke zuwa su yi 'yan shekaru su wuce. Tun da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, Samaru da Kongo ba su rabu da samarin da suka zo daga nesa da akwati ɗaya ba. Ga kwalejin ilimi da ta koma jami'a, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli, ga makarantar koyon tuƙin jirgin sama da aka kafa a 1964, ga asibitin koyarwa a Shika, ga kuma barikin horar da kuratan soja wanda ya girme su duka. Kowanne daga cikin waɗannan wurare yana ɗebo matasa ya ajiye su a tsakiyar unguwannin da ke da 'yan mata, ya kuma kwashe su idan lokaci ya yi. Lokacin ma ba a san ranar cikarsa ba. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, ta yadda digirin shekara huɗu ya koma na biyar ko shida ga waɗanda abin ya rutsa da su, sannan a ɗora shekarar bautar ƙasa wadda ta zama tilas tun 1973, sannan a shiga neman aiki. Yarinyar da aka ce wa ta jira a gama karatu, duk wannan lissafin a kanta yake ƙarewa. Da wuya ka zauna da wata dattijuwa a Samaru ko Hayin Dogo ko Gyallesu ba ta kawo maka labarin wata 'yar maƙwabta da ɗalibi ya ɗauki alkawarinta ya tafi da shi ba, kamar yadda kuma za ta kawo maka na wanda ya dawo da iyayensa da goro ya cika. Don haka mai kallo a nan idan yana yanke wa saurayin shirin hukunci, sau da yawa tsohuwar shari'a ce yake sake buɗewa, ta yayarsa ko ta ƙanwar mahaifiyarsa, wani lokacin ma tasa ta kansa.

Samarin da ke kare shi ma ba rashin imani ne ke damunsu ba, tsoro ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da gwamnati ke sayarwa ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 cikin ƙasa da shekara guda, kuma komai na aure ya bi ta. Mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari ne, shi kuwa da farashin zinare yake tafiya. Lefe da kuɗin hayar ɗaki da abin da za a ci bayan an tare, kowanne ya ninka. Marubucin shirin ya san wannan, shi ya sa ya ba saurayin uwa mai ciwo da ƙanne huɗu, don mai kallo ya ga cewa amana biyu ce a wuyansa, ta budurwa da ta mahaifiya. Yaron telan nan da ya tambayi maigidansa wanne zai ɗauka, kansa yake gani a cikin allon wayar. A nawa ganin, hujjarsu tana da nauyi har zuwa wani wuri, daga nan sai ta karye. Inda ta karye kuwa shi ne shirun da saurayin ya yi. Ya sauya lambar waya, ya bar yarinyar tana kai wa mahaifiyarsa kunu a asibiti, har sai da ta tsinci katin ɗaurin aurensa a hannun wata ƙawarta. Talauci yana iya tilasta wa mutum ya fasa aure, amma ba ya hana shi takowa ya tsaya a zaure ya faɗi gaskiya da bakinsa. Na lura duk lokacin da aka kawo wannan gaɓar, masu kare shi sukan koma gyaran murya.

Wani abin da gardamar ta tono shi ne yadda harshenmu yake raba wa buri suna gwargwadon wanda ya yi shi. Dama can al'adarmu zuciya biyu take da ita a kan buri. A hannu guda muna cewa zomo ba ya kamuwa daga zaune, muna yabon mai zuciyar nema. A ɗaya hannun kuma, tun daga waƙoƙin wa'azin malaman jihadi na ƙarni na 19 har zuwa huɗubar Juma'ar da ta wuce, ana yi mana kashedi da dogon buri da son duniya. Wasan kwaikwayon soyayya a cikin wannan tsagar yake zaune. Amma rabon sunayen ba a yi shi da adalci ba. Na gwada wannan a teburin wani mai shayi da ke Kwangila, inda samari uku suka gama wanke saurayin tas, suka ce ya san ciwon kansa. Na ce musu to a juya labarin, a ce shi ne ya sayar da babur ɗinsa ya biya mata kuɗin makarantar koyon jinya, ta gama ta auri likitan da ya ɗauke ta aiki, ta aiko masa da ambulan. Kafin in rufe baki ɗaya ya ce ai wannan mayyar kuɗi ce, wani ya ce idon cin naira gare ta, na ukun ya kawo karin maganar kwaɗayi mabuɗin wahala. Aiki iri ɗaya, sunansa nema idan namiji ya yi, kwaɗayi idan mace ta yi. Mata ma ba su kuɓuta daga wannan son kai ba, domin na ji waɗanda suka tsine wa saurayin nan suna cewa wata jarumar da ta bar talaka ta auri mai hali a wani shirin ta huta, wai so ba ya biyan kuɗin haya. Bambancin kawai shi ne maza a fili suke faɗin nasu, mata kuwa sai an shiga ɗaki.

Daga nan sai maganar da kusan kowane zama na maza yake ƙarewa da ita: to ai sai ya haɗa su biyun. Wannan ƙofa ce da labarin soyayyar Bahaushe yake da ita, wadda finafinan Indiya da muka tashi muna kallo ba su da ita. Masana irin su Brian Larkin, wanda ya yi bincikensa a Kano a shekarun 1990, da Farfesa Abdalla Uba Adamu, sun yi bayanin yadda Hausawa suka rungumi finafinan Indiya saboda sun ga matsalolinsu a ciki, musamman karon da ake yi tsakanin zaɓin zuciya da zaɓin iyaye, da yadda finafinanmu suka gaji salon mutum uku a kan soyayya ɗaya. Sai dai a can idan mata biyu suka haɗu a kan namiji ɗaya, dole ɗaya ta mutu ko ta sadaukar, a nan kuwa shari'a ta yarda da huɗu. Shi ya sa namiji mai kallo yake ganin marubucin yana ja wa mutane rai ne kawai a kan matsalar da sadaki ɗaya zai warware. Amsar mata a kan wannan ta fi kowace amsa kaifi. Suna tambaya a wane gida za a ajiye ta, tunda gidan na Alhaji ne, motar ta Alhaji ce, albashin ma daga aljihun Alhaji yake fitowa, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wadda ta riga kowa zuwa za ta shigo a matsayin ta biyu, ta ci abinci daga dukiyar uban kishiyarta. Ayar da ta halatta ƙarin aure a Suratun Nisa'i da sharaɗin adalci ta zo, kuma mutumin da ba shi da ikon ɗaga murya a falonsa ba a san da me zai yi adalcin ba.

'Yar Alhajin kuwa tana shan tsinuwar da ba ta ci ba, domin a cikin labarin ba ta ma san da wata yarinya a Zariya ba sai bayan biki. Laifinta a wurin masu kallo shi ne an haife ta a gidan da ke da maigadi. Aminin ne kaɗai aka yi ittifaƙi a kansa, babba da yaro, mace da namiji. Sai dai a nan ma akwai abin lura. Samarin da suka samo wa saurayin uzuri goma ba su samo wa aminin ko ɗaya ba, har suna jawo hadisin da ya hana mutum neman aure a kan neman ɗan'uwansa. Wato amanar da ke tsakanin namiji da namiji ita ce amana ta sosai a idonsu, wadda ba ta karɓar uzurin talauci ko na so, alhali wadda ke tsakanin saurayi da budurwa magana ce da ƙaddara ke iya sharewa.

Abin da masu kallo suka fi haɗuwa a kansa bayan wannan shi ne neman sakayya, kuma wannan yana da tarihi. Tun da littattafan soyayya suka cika kasuwa a shekarun 1980, aka kuma shafe shekarun 1990 ana muhawara a jaridu kan abin da Ibrahim Malumfashi ya kira adabin kasuwar Kano, tuhumar da ake yi wa labarin soyayya ita ce ɓata tarbiyya. Da finafinan bidiyo suka fara fitowa a Kano a 1990, tuhumar ta biyo su, har aka kafa hukumar tace finafinai ta jihar a 2001. Garkuwar da marubuta da masu shirya finafinai suka riƙe duk tsawon wannan lokaci kalma ɗaya ce, faɗakarwa. Sun ce suna nuna mugun hali ne don a ga ƙarshensa. Da haka aka yi wata yarjejeniya da ba a rubuta ba tsakaninsu da jama'a: za mu kalli yaudara da rawa da hawaye, amma da sharaɗin azzalumi zai girbi abin da ya shuka kafin a rufe labari. Mai kallon da ke ƙorafin cewa an bar butulu yana shan sanyin mota har fitowa 10 ba abin da ya same shi, haƙƙinsa na cikin wannan yarjejeniya yake nema.

Kasuwar yanzu kuwa ta mayar da wannan fushin jari. Da cinikin faifai ya mutu, tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ta saba wa mutane da labarin da ake bi mako-mako, sannan zaman kulle na 2020 ya tura masu shiryawa da masu kallo gaba ɗaya zuwa YouTube. A can kuwa kuɗi daga talla yake fitowa. Tasha ba ta shiga cikakken tsarin rabon kuɗin talla sai ta tara mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 a cikin shekara, mai tasha yana karɓar kashi 55 cikin 100 na abin da tallar ta kawo, kuma bidiyon da ya kai minti 8 ne ake iya cusa wa talla a tsakiya. Ma'anar wannan ga marubuci a fili take: labarin da ya ƙare ya daina kawo kuɗi, kuma babu abin da ke dawo da mutum mako mai zuwa kamar jiran ranar da asirin azzalumi zai tonu. Wani matashi mai shagon cajin waya da tura finafinai a Samaru ya ce mini yawancin matan da ke aiko yara da katin waya ba sa tambayar ko sabon shirin ya yi kyau, tambayarsu ita ce ko an kama shi. Idan ya ce tukuna, sai a yi tsaki, a kuma ce ya tura. Tun da yake akan ci gaba da ɗaukar wasu shirye-shiryen ne alhali ana nuna na baya, abin da jama'a ke faɗa yana iya komawa kunnen marubuci ya sauya alƙalaminsa, a tsawaita wahalar wadda ake tausayi, a ƙara wa wanda aka tsana mugunta fiye da yadda aka gina shi da farko. A watan Mayun 2025 hukumar tace finafinai ta Kano ta dakatar da shirye-shirye 22 masu dogon zango saboda sakinsu ba tare da an kai mata ta duba ba, amma ni a ganina mai tacewar da marubuci ya fi jin tsoro ita ce matar nan da ke aiko yaro da katin waya. Wani lokaci fushin yakan tsallake labarin ya faɗa kan jarumin da ya hau matsayin, a riƙa yi masa Allah ya isa kamar shi ya sauya lambar wayar, abin da a wurin ɗan wasa yabo ne da ya zo da kayan zagi.

Inda na rabu da mafi yawan masu kallo shi ne irin sakayyar da suke nema. Na tambayi mutane da dama yadda suke so labarin ya ƙare, kuma amsoshin kusan a bakin juna suke. A kori saurayin daga aiki, ko a kama shi da laifin kuɗi, ko ya yi hatsari ya koma keken guragu, 'yar Alhaji ta watsar masa da kaya a waje, ya dawo Zariya ya durƙusa. Ita kuma yarinyar Allah ya kawo mata wani mai kuɗin da ya fi Alhajin, ta wuce shi a cikin mota baƙa ta sauke gilashi ta ba shi sadaka. Wannan ƙarshe yana da daɗin kallo, ban musa ba, ni ma da za a nuna shi ba zan tashi daga tabarmar ba. Amma duk wanda ya tsaya ya duba zai ga cewa hukuncin saurayin aka tabbatar da shi. Shi ya auna mutane da dukiya ya zaɓi mai nauyi, mu kuma da muka tashi saka wa wadda ya zalunta, ba mu sami abin ba ta ba sai miji mai dukiyar da ta fi. Ashe ba mu ƙi ma'auninsa ba, haushinmu shi ne ya riga ta hawa. Kuma irin wannan ƙarshe yana yi wa 'yan matan da ke kallo alkawarin da rayuwa ba ta cika cikawa ba, domin butulun gaske sau da yawa yana nan lafiya lau, yana zuwa gida da babbar riga ranar hawan sallah, ana yi masa barka da zuwa. Da na kai wa Goggo wannan tambayar, ba ta ambaci hatsari ko mota ba. Cewa ta yi ita dai a nuna yarinyar ta je kasuwa ta sayo 'yan kunnenta da kuɗin kitsonta, in ya zo ya yi sallama a ce masa tana aiki.

Bayan mako uku na koma Tudun Wada karɓar ɗinkina, na tarar keken yaron a rufe da wani tsohon zani. Na tambaya, telan ya ce ya sami aiki a Kaduna, wani ɗan'uwan mahaifiyarsa ne ya yi masa hanya, kuma ya tafi ana saura wata guda sallah, lokacin da aiki ya fi yawa a shago. Shekara takwas yaron ya yi a hannunsa, tun bai iya zura zare a allura ba. Na yi shiru ina jiran in ji kalmar da ya jefi saurayin shirin da ita. Ya ciji zare ya tofar, ya ce, "Har gida ya zo, Malam. Ya durƙusa a zaure ya ce mini ga abin da ake ciki, na sa masa albarka." Ya naɗe rigata ya sa a leda, ya miƙo mini, sannan ya tambaye ni ko na kalli fitowar daren jiya, domin shi wutar unguwarsu ta ɗauke wayarsa ba caji, kuma yana so ya ji ko yarinyar ta karɓi ambulan ɗin ko ta mayar.